Malamin Muhalli: Sana'ar da Ba Ta da Gurbi a Jadawali

A yawancin makarantun firamare da sakandare na Najeriya ba a ɗaukar mutum aiki da sunan malamin ilimin muhalli. Takardar ɗaukarsa za ta ce malamin kimiyya ne, ko na labarin ƙasa, ko na aikin gona. In ka duba jadawalin da ke manne a ofishin mataimakin shugaban makaranta, daga Litinin zuwa Juma'a, ba za ka ga inda aka ware masa ko minti arba'in ba. Amma tambayi ɗalibai wane ne malamin bishiya, nan take za su nuna maka shi. Shi ne wanda ake gani bayan an tashi, yara na biye da shi da bokitai, wanda ya hana a ƙona shara a bayan aji, wanda kullum cikin rigima yake da awakin unguwa. A cikin irin waɗannan malamai akwai 'yan tsiraru da sukan koma jami'a neman digiri na biyu a fannin, kuma su ne abin dubawata a nan.

Rashin gurbin ba mantuwa ba ce, haka aka tsara. Masu tsara manhaja a hukumar NERDC ba su mai da muhalli darasi mai zaman kansa ba, sai suka barbaɗa shi cikin sauran darussa kamar gishiri a miya: gurɓatar ruwa a kimiyya, zaizayar ƙasa a aikin gona, tsabtar gari a darasin zamantakewa. Hujjarsu tana da ƙarfi, domin jadawalin ya riga ya cika maƙil. Sai dai a makaranta, aikin da aka bar wa kowa yakan rasa mai yi. Malamin da ke tseren kammala manhaja zai karanta layi biyar a kan kwararowar hamada ya wuce, alhali yashin na shigowa ta tagar ajin. Su kuwa ɗalibai tambayarsu ɗaya ce: “Malam, zai fito a jarrabawa?” In an ce a'a, shi ke nan an rufe littafi.

Fannin kansa ba tsoho ba ne. Bayan taron Majalisar Ɗinkin Duniya a kan muhalli da aka yi a Stockholm a 1972, UNESCO ta tara ƙasashe a Tbilisi a 1977, zamanin Tarayyar Sobiyet, aka zayyana abubuwa biyar da ake son wannan ilimi ya haifar wa mutum: ya farga, ya sani, halinsa ya sauya, ya ƙware, sannan ya sa hannu a aiki. Babu ɗalibin digiri na biyu da bai haddace su ba. A Najeriya kuwa abin da ya zaburar da hukuma shi ne badaƙalar Koko ta 1988, lokacin da aka gano dubban gangunan guba da aka kwaso daga Italiya aka jibge a wani fili a garin Koko, cikin jihar Delta ta yau. Kafin shekarar ta ƙare an kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA. Gidauniyar NCF, wadda aka kafa a Legas a 1980, ita ta riƙa kai ƙungiyoyin kare halittu cikin makarantu.

To, daga kudu abin ya taso, kuma can sassan karatun suka fi kafuwa. Jami'ar Kalaba ce aka fi sani da sashen ilimin muhalli mai zaman kansa. Jami'ar Benin ta haɗa shi da ilimin lafiya, ta Abuja kuma da koyar da kimiyya. Malamin da ke Gumel ko Illela, in ba zai iya wannan doguwar tafiya ba, sai ya shiga ta wata ƙofar: ya yi rajista a sashen koyar da kimiyya ko labarin ƙasa a Zariya, Kano, Sakkwato ko Maiduguri, sannan ya karkata bincikensa wajen muhalli. Abin yana ɗaure mini kai, domin Arewa ta sha nata bugun tun kafin Koko. Farin 1973 da na 1984 sun kashe dabbobi sun tashi ƙauyuka, kuma Tafkin Chadi, da ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya janye ya bar garuruwan masunta a kan tudu.

Hanyar zuwa digiri na biyun tana da tsawo. Da yawansu da NCE suka fara, wadda ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a ƙasar. Sai digiri na farko, sau da yawa ta karatun dogon hutu irin wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta daɗe tana yi wa malamai. Wanda ya karanta kimiyya zalla ba tare da koyon malanta ba, sai ya yi diflomar ilimi, ko a jami'a ko ta cibiyar NTI da ke Kaduna, ya yi rajista da hukumar rajistar malamai ta TRCN. Bayan wannan ne za a fara maganar digiri na biyu, kuma a lokacin mutum ya riga ya yi iyali. Asusun TETFund yana ɗaukar nauyin karatun malaman manyan makarantu ne, malamin sakandare ba ya ciki. Saboda haka kuɗin rajista daga adashi yake fitowa, ko daga buhunan gero, ko tunkiyar maiɗaki. In bai sami hutun karatu ba, sai ya shirya da abokan aiki su riƙe masa azuzuwan Juma'a, ya hau mota da asuba. A takarda karatun shekara biyu ne ko ƙasa da haka. Wanda yajin aikin ASUU na 2022 ya rutsa da shi, na wata takwas, zai ba ka wani lissafin daban.

Abin da ake koyarwa a shekarar farko yana da amfani, ban da shakka: yadda halittu ke dogara da juna a mazauninsu, tsara manhaja, ƙididdiga, dokokin muhalli, har da dokar 1992 da ta wajabta a tantance illar babban aiki kafin a fara shi. Malamin da ya san wannan doka yana iya yin tambayar da ta dace ranar da aka zo kafa injin fasa dutse kusa da makarantarsa.

Inda nake da ƙorafi shi ne kundin bincike. Shiga ɗakin karatun tsangayar ilimi ka zaro kundaye goma a kan muhalli. Yawancinsu za ka tarar taken kusan ɗaya ne, wato auna wayewar ɗaliban ƙaramar hukuma kaza game da sauyin yanayi ko zubar da shara. Babi biyar. An raba takardar tambayoyi, yaro ya zaɓi ya yarda ƙwarai, ko ya yarda, ko bai yarda ba, ko bai yarda ba sam. An zuba amsoshin a manhajar lissafi ta SPSS, an fito da jadawali, an ba da shawarar gwamnati ta ƙara wayar da kan jama'a. Wane yaro ne za a tambaya ko sare bishiya yana da kyau ya ce e, alhali malami na tsaye a kansa? Daga cikin abubuwa biyar ɗin Tbilisi, na farko kaɗai ake ta aunawa, na biyar kuwa ba a cika zuwa wajensa ba. Ba lalaci ne tsantsa ba. Takardar tambaya ba ta da tsada, ana gama ta cikin mako biyu, kuma malamin jami'ar da ke duba ɗalibai ashirin a lokaci guda ya fi samun sauƙin abin da ya saba gani. Binciken da zai ƙirga dashe nawa ya rayu bayan rani biyu yana cin rani biyun cur, ga kuma kuɗin makaranta na wata shekarar.

Duk da haka, wanda ya san abin da ya kai shi yakan fito da abu ɗaya da ya fi takardar daraja: ya koyi awo, ya koyi rubuta abin da ya auna. A nan ne sana'ar take.

Kayan aikinsa na farko robar lemo ce babba mai miƙaƙƙen jiki, ta auna ruwan sama. A yanke samanta a kifa shi ciki ya zama mazurari. Da yake gindinta ba a daidai yake ba, sai a zuba siminti ko tsakuwa da ruwa har zuwa layin sifiri, a manna rula. A kafa ta a fili, nesa da indararo da inuwar bishiya, a ɗaure ta kada iska ta kayar. Kowace safiya a lokaci guda yaro ɗaya zai karanta ya rubuta ya zubar, ya mayar da ita kan layin sifiri. Daga nan lissafi ya samu. Milimita ɗaya na ruwan sama lita ɗaya ne a kan kowane murabba'in mita. Rufin aji mai tsawon mita 9 da faɗin mita 7, in aka yi ruwan milimita 20, ya zubar da lita 1,260, wajen jarka hamsin ke nan ta lita 25. Yarinyar da ta saba sayen jarka a hannun mai kura ba ta bukatar a yi mata wa'azin tattalin ruwa bayan ta yi wannan lissafi da hannunta. Haka rijiyar makaranta: igiyar guga mai ƙulli a kowace mita, a auna zurfin ruwa farkon kowane wata. Bayan shekara uku littafin nan ya fi kowane hoton dusar ƙanƙara mai narkewa da ke cikin littattafan waje yi wa yaron bayani.

Sai wurin rainon dashe, wanda ba ya bukatar komai sai ledojin fiya wata da yara suka tsinto, ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen taki. A huda gindin leda, a jera su a inuwa. Nan ake gane wanda ya iya da wanda ya karanta kawai. Irin darbejiya ba ya jure ajiya, 'yan makonni ya mutu, dole a shuka shi da ɗanyensa. Na kuka da gawo da bagaruwa kuwa ɓawonsu tauri gare shi, sai an jiƙa a ruwan zafi ko an ɗan kankare, in ba haka ba a yi ta ban ruwa babu tsiro. Makiyaya sun san wata hanyar: irin gawon da ya bi ta cikin dabba ya fito a kashi ya fi saurin tsira, don haka malami mai wayo garke yake tura yara tsinto. Saiwar gawo tana saurin nutsawa, in an bar leda wuri ɗaya za ta fasa ta kama ƙasa, ranar ɗauka a tsinke ta. Zogale ne ba ya ba da wahala, shi ya sa ake fara wa yara da shi don kada gwiwarsu ta yi sanyi.

Dashe kansa shi ne mafi sauƙi, kuma shi kaɗai ake kiran manya su gani. A zo da shebur mai ƙyalli, a ɗauki hoto, a watse. Wahalar tana gaba. Ana dasawa a Yuli ko Agusta, damina ta raine shi lokacin dogon hutu. Daga Oktoba zuwa Mayu kuwa ruwan bokiti ne kaɗai, ga gara a ƙasa, ga akuya a sama. Mafi muni shi ne hutun zango na biyu, wanda yakan faɗo a tsakiyar bazara, lokacin da ƙasa ke toya tafin ƙafa kuma babu yaro ko ɗaya a makaranta. Dashen makarantu da yawa a makonnin nan yake mutuwa. Malamin da ya ƙware tun a Janairu yake shirin wannan hutu: kowace bishiya da sunan yara biyu da ke zaune kusa, a kewaye ta da ƙaya ko jerin bulo, a rufe gindinta da kara don danshi ya daɗe, a binne tsohuwar roba mai ƙananan huji a gefen saiwa ana cika ta. Sannan a je wajen maigadi da ladabi, da ɗan goro: “Baba, amanar 'ya'yanka ce na bar maka.” Babu kwas ɗin da ake koyar da wannan, amma rabin nasarar a hannun maigadi take. Ni a wajena bishiya talatin da suka ga damina ta uku sun fi dubu da aka rubuta a rahoto.

Akwai kuma wani darasi da ya kamata ya rage wa mai digiri girman kai, kuma daga maƙwabta ya zo. A yankin Maraɗi, bayan an yi shekaru ana dashe yana mutuwa, wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura a 1983 cewa ƙananan tofon da manoma ke sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ne, kututturan bishiyoyi ne masu rai da saiwa mai zurfi. Abin yi kawai a zaɓi tofo mafi ƙarfi, ɗaya zuwa biyar, a datse sauran, a kare shi. Manoma suka karɓa suka yaɗa a tsakaninsu, ana kiransa sassabin zamani, musamman bayan da suka tabbatar bishiyar da suka raina tasu ce, ba ta ma'aikatan gandun daji ba. Masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan biyar da bishiyoyi wajen miliyan 200 a kudancin Nijar. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, shekara ɗaya da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya farfaɗo da noman ramuka a ƙeƙasasshiyar ƙasa. Sassabin zamani kuwa ba wurin raino, ba ban ruwa. Kuma tsohon manomi bai jira jami'a ta gaya masa gawo yana zubar da ganye da damina, ya ba gero rana da taki, ba. Don haka malamin kirki yakan kwashi ajinsa zuwa gonar bayan makaranta ya ce wa mai ita, “Baba, ga jikokinka sun zo ɗaukar karatu,” shi kuma ya koma gefe da littafinsa yana rubutu.

Ba duk aikin ne na bishiya ba, kuma kowane gari da nasa. Malamin da ke Anka ko Bukkuyum ba ya bukatar misalin waje a kan guba. A 2010 aka gano gubar dalma tana kashe yara a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, fiye da 400 suka rasu, saboda ana niƙa dutsen zinari a cikin gida, ƙurar na sauka inda jarirai ke rarrafe. A can darasin ba “a daina haƙar zinari” ba ne, tunda da ita uban yaron ke ciyar da gida. Darasin shi ne kada a kawo dutsen cikin gida, kada a daka shi a turmin abinci, a cire kayan aiki a wanke jiki kafin a ɗauki jariri. Yaro ɗan aji biyar yana iya kai wannan saƙo ɗakin mahaifiyarsa, inda ma'aikacin gwamnati ba zai shiga ba. A fadamun Haɗeja da Nguru kuma, ɗalibi ya kamata ya san yadda madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 suka sauya tafiyar ruwan da iyayensa ke noma da su da shi, yadda ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa ta zama maɓoyar jan baki, da kuma cewa wasu tsuntsayen da yake gani a Dagona da hunturu daga Turai suke. A Kano, kududdufan da aka cike aka yi gini da magudanan da leda ta toshe sun isa manhajar zango guda. Ɗan Maiduguri da ya ga ruwan Alau a Satumban 2024 shi ma ba sai an kwatanta masa ambaliya ba.

Wurin da sana'ar ta fi bukatar hankali shi ne maganar itace da gawayi. Abu ne mai sauƙi ka tsaya gaban allo ka la'anci masu sare daji. Amma a cikin ajin akwai ɗan mai faskare, kuma kusan kowa da itace aka dafa abin da ya karya da shi, har da malamin, tunda gas ya fi ƙarfin albashinsa. Wanda ya sa yaro jin kunyar sana'ar ubansa ya rasa yaron. Masu hikima sukan bi ta murhu: a gina na laka mai kewaye a harabar makaranta, a ajiye na duwatsu uku a gefensa, a ɗora tukwane iri ɗaya da ruwa daidai, a auna itacen da kowanne ya ci kafin ruwa ya tafasa. 'Yan matan ajin su ne alƙalai, kuma ba a yi musu wayo a wannan fage. Wasu malaman kan nemi limamin unguwa ya taɓo falalar dasa bishiya a huɗuba, don maganar da ta fito daga masallaci ta fi ta aji nisa.

To, me digirin ke kawo wa mai shi? A albashin jiha, ɗan abin da ba ya mayar da kuɗin motar da aka kashe. A ofishin malamai kuma sai zolaya, ana kiransa furofesan shara. Ribar gaske ita ce ƙofofin da takardar ke buɗewa, kuma duk waje suke fuskanta. Ga kwalejojin ilimi masu neman malamai. Ga hukumar Koriyar Ganuwa da aka kafa da doka a 2015 don jihohi goma sha ɗaya na bakin hamada, daga Kebbi har Borno. Ga shirin ACReSAL na Bankin Duniya, mai dala miliyan 700, da ya shafi jihohin Arewa goma sha tara da Abuja. Ga ƙungiyoyin agaji da ke biya a wata abin da jiha ke biya a zango. Duk suna neman mai digiri na biyu da ya iya Hausa, ya san ƙauye, ya iya rubuta rahoto. Ba zan ga laifin mai 'ya'ya shida da ya amsa kiran ba. Wanda ya tafi kwalejin ilimi ma ban ɗauke shi asara ba, in dai zai riƙa fitar da ɗaliban NCE rana su cika leda da hannunsu, domin su ne za su koma firamaren karkara.

Makarantar da ya bari ce abin ji. Tunda aikin ba ya cikin jadawali, ba ya cikin takardar miƙa aiki, hukumar ilimi ba ta san ta rasa komai ba, kuma wanda za a turo a madadinsa malamin kimiyya aka turo. Shi ya sa waɗanda suka daɗe a harkar, da zarar sun fara cika fom ɗin jami'a, sukan jawo wani ƙaramin malami ko malama su riƙa zagayawa tare, su kuma lallaɓa ƙungiyar iyaye da malamai ta sa kuɗin ruwan bazara da ƙayar shinge a cikin kasafinta, a rubuce, da sa hannun shugaba.